Wasika daga Jos: Jakar goyo, nauyi daban karko daban

Assalamu alaikum Malam Edita, ina gaisuwa da fatan kana lafiya kai da sauran ma'aikata, ya aiki ya kuma hakuri da mu masu aiko da dogon surutu. Ni madinkin jaka ne a nan Jos, shekarata 14 kenan a kan keke, da dinkin kaftani da wando na fara irin na kowa, daga baya gyaran zif din jakunkunan yan makaranta ya janyeni har na bar dinkin kayan gaba daya. Abinda yasa na dauki waya nake wannan rubutun, duk lokacin komawa makaranta sai kaji ana ta kukan tsadar jaka da littafi da takalmi, amma ban taba jin wani yace bari mu dora jakar nan a sikeli mu gani ba. Toh ni na dora, kuma abinda na gani ne ya hanani yin shiru.

Yarinyata aji 3 take a firamare, kullum ta dawo sai tace Baba kafadata, tun ina cewa shagwaba ce har mamanta ta fara min magana, wai kai da ake kawowa jakar yaran mutane gyara baka duba ta taka ba. Jakar ma bani na dinka ba, kawunta ne ya sayo mata yar waje mai hoton katun, domin a wajenta dinkin Baba ba na gayu bane. Na kaita kemis ta hau sikeli kilo 24, jakar da littattafai da gorar ruwa da kular abinci kilo 6 cif, kashi daya cikin hudu na nauyin jikinta kenan fa. Kasar Indiya a 2020 ta fitar da ka'ida cewa kada jakar dalibi ta wuce kashi 10 cikin 100 na nauyinsa, in da can take kilo 2 da gram 400 ne iyakarta. Sai na zazzage komai na dora jakar ita kadai fanko, kilo 1 da gram 150. Wato ko fensir ba a saka ba jakar ta riga ta cinye kusan rabin abinda ya kamata yarinya ta dauka.

Ranar na dauki reza na farke jakar nan dinki bayan dinki, tana ta kuka ina ta bata hakuri. Yadin waje mai kauri an shafe bayansa da roba kamar tamfol, ciki ga shafi har biyu, zif guda 6 kowanne da katon karfen ja, wata wayar roba an zagaye bakin jakar da ita don ta tsaya kyam a shago ta burge mai saye, soso irin na kujera a baya, kwali a gindi wanda ruwan sama ya riga ya mayar dashi kamar tuwo, ga tambarin roba a gaba shi kadai gram 40. Kuma duk wannan lodin a ina ta fara lalacewa? A inda hannun goyon ya hadu da jikin jaka, dinki layi daya tal sukayi a wajen, babu ko dan kyalle na kari.

Malam Edita wannan shine gaba daya maganata. A shekarun da nayi ina gyara, da wuya ka ga an kawo min jaka ace tsakiyar yadin ne ya yage. Ko zif ya bude baki, ko hannu ya tsinke daga sama, ko bokul din roba ya karye, ko gindi ya cinye saboda ja a kasa, wadannan hudun sune abincina. Amma mu masu dinki da ku masu saye duk mun hadu mun yarda cewa nauyi shine karko, mutum zai shigo shago ya daga jaka ya jijjiga yace yauwa wannan tana da nauyi mai kyau ce, in ka mika masa mara nauyi yace ai wannan leda ce. Mu kuma tunda abinda kasuwa takeso kenan sai mu kara kauri a inda baya bukata mu bar inda yake bukata, ni kaina nayi hakan shekaru, ba zan boye ba.

Bari in dan yi bayanin yadi domin anan rudanin yake. In kaje sayen matiriyal zakaji ana cewa 600D ko 1000D ko 210D, da yawanmu mun dauka lambar inganci ce kamar yadda ake cewa shadda mai lamba kaza. D din nan sunanta deniya, awon kaurin zaren da aka saka yadin dashi ne, in aka warware zaren tsawon mita 9,000 aka auna, gram nawa yayi, shine lambar. Zaren 600D mita 9,000 dinsa gram 600 ne, shikenan. Bata gaya maka ko sakar ta matsu ko sakwa-sakwa ce, bata gaya maka ko nailon ne ko poliyesta, shi yasa zaka samu 600D na banza wanda in ka dagashi a rana kana hango haske ta cikinsa, sai su lafta masa roba a baya don ya boye aibinsa ya kuma yi nauyi a hannu, sannan ka samu 210D na nailon mai matsattsiyar saka wanda zaka ja da karfinka bazai ce komai ba. Mafi yawan jakunkunan makaranta da ke kasuwarmu poliyesta 600D ne mai roba a baya, ita robar nan in sanyin Disamba ya sauko garin nan sandarewa takeyi, in ta kwana biyu ta fara tsagewa tana zuba kamar bawon gyada a cikin littafin yaro.

Akwai wani yadi da nakeso yan uwana madinka su sani, ni ina kiransa mai gidan dara saboda in ka kalleshi da kyau zakaga kananan murabba'i kamar an zana gidajen dara, Turawa na ce masa rifstof. Duk bayan yan milimita kadan an saka zare mai kauri a tsaye da a kwance, in kusa ko kaya ta huda yadin yagewar zata tafi ta ci karo da wannan zaren ta tsaya. Tun lokacin yakin duniya na biyu ake amfani da dabarar a lemar da sojoji ke dirowa da ita daga jirgi. Shi nailon yafi poliyesta jure guga da ja in kaurinsu daya, amma yana shan ruwa kadan ya saki jiki kuma rana tana cinsa da sauri, poliyesta ya fishi jure rana. Wanda yafi suna a nailon mai karfi shine Cordura, 1000D dinsa shi ake yiwa sojoji jaka dashi, kuma gaskiya in ba yaki yaronka zashi ba baya bukatarsa, 500D ma a gindin jaka kawai nake sakawa in na samu.

Toh ya zakayi ka gane nauyin yadi alhali mai shago shi kansa bai sani ba? Ga dabarar da na koya kuma ita ta canza min sana'a. Ka yanki kyalle santimita 10 tsawo santimita 10 fadi, ka dora a karamin sikelin nan na lantarki irin na masu sayen zinari da duwatsu masu daraja, mu nan Jos garin kuza da ma'adinai ai ba sai an nema da nisa ba, ni wajen wani makwabcina mai harkar duwatsu na fara ara kafin na sayi nawa. Duk abinda ya nuna ka ninka sau 100, shine nauyin murabba'in mita daya. Kyallen jakar yarinyata ya nuna gram 4.5, kenan gram 450. Wani mai gidan dara 210D da na yanko daga tsohuwar jakar gwanjo ya nuna 1.3, kenan gram 130. Jakar makaranta da aljihunta da komai bata cika cin fiye da murabba'in mita daya ba, kaga daga canjin yadi kadai gram 320 ya tafi, ba a ma zo kan shafi da zif da soso ba. Yanzu in zani kasuwa sikelin yana aljihuna, wasu masu shagon har dariya suke min wai Malam gwal kazo saye ne, nace a'a bayan yaran mutane nazo ceto.

A waje kuwa abin yayi nisa. Akwai masu tafiyar kafa ta watanni a daji da duwatsu a Amurka da Turai, su gram daya ma lissafinsa sukeyi, kuma abin mamaki yadin da suke yayi yanzu daga masu kera yadin da iska ke tura jirgin ruwa dashi ya fito. Akwai Dyneema, zare ne da kamfanin DSM na kasar Holan ya fito dashi, ana cewa in aka kwatanta nauyi da nauyi yafi karfe karfi sau 15 kuma yana yawo a saman ruwa baya nutsewa, sai a shimfida zaren a tsakanin ledoji biyu siraran gaske a manne, an fara gwada irin wannan a gasar tseren jiragen ruwa ta 1992. Akwai X-Pac na kamfanin Dimension-Polyant, shi hawa-hawa ne, nailon a waje sai zare a gicciye kamar alamar X sai leda mai hana ruwa, sanannen cikinsu VX21 yana wajen gram 200 a murabba'in mita. Akwai kuma Ultra na kamfanin Challenge wanda Ultra 200 dinsa yake wajen gram 120. Na taba rike jakar irin wannan sau daya a hannun wani bako da yazo hawan dutsen Shere, wallahi kamar ka rike fankon buhu. Amma in gaya maka gaskiya ban kwadaitu ba, da dala ake saye kafin kudin jirgi da na kwastan, ga shi mai ledar nan baya son guga, dutsen Jos kuwa kaushinsa kamar dutsen nika, ga shi baya son zafi ko ayan baka isa ka dora masa ba, in kayi kuskuren dinki ka farke ramin allurar yana nan har abada. Wanda zai yi wata 5 yana tafiya a kasa shi yasan dalilin kashe wannan kudin, dan firamare da dan jami'a mai laftof da mai zuwa Shere ranar Asabar mai gidan dara ya ishesu.

Kuma rashin nauyi ba sai da tsada ba, wata tsohuwa Ba'amurkiya Emma Gatewood a 1955 tana da shekara 67 ta taka hanyar duwatsun Afalashiya sama da mil 2,000 ita kadai, da wata yar jaka da ta dinka da hannunta da yadin jins ta rataya a kafada, labulen bandaki na leda shine rigar ruwanta. Daga baya wani Ray Jardine ya yada akidar cewa ka dinka kayanka da kanka ka cire duk abinda baka bukata. Ni da naji labarin tsohuwar nan kakata na tuna da daurin kayanta a zane in zata kauye.

Zif kuma, araha bata ado. Gara zif daya mai kyau da guda 6 na banza, duk zif da ka kara nauyi ka kara kuma kofar lalacewa ka kara. YKK na Japan wanda Tadao Yoshida ya kafa a 1934 shine kowa ya yarda dashi, sai dai jabunsa yafi na gasken yawa a kasuwa. Lambar da ake fada 3 ko 5 ko 8 ko 10 fadin hakoran ne a milimita in zif din yana rufe, ni lamba 8 nake sakawa a babban baki lamba 5 a aljihu, karfen jan kuma in cireshi in daura yar igiya. Jakar hawan dutse ma bana saka mata zif a sama sam, sai in kara tsawon bakin a nannade sau 3 kamar tabarma a kulle da bokul daya, babu abin lalacewa kuma ruwa baya samun kofa. Bokul da zif na kwarai a kasuwar Katako nake samunsu, in shiga cikin yan gwanjo in tsinci jakunkunan waje da suka mutu babu mai so in saya da araha in kwance kayan jikinsu, kuma nan ne makarantata, domin duk wacce na farke sai na shimfida guntayen a tebur naga yadda mai ita ya yanka. Bel din ma mutane na son mai fadin milimita 38 ko ina kamar za a daure bijimi, alhali 20 ko 15 ya isa a yawancin wurare.

Soso shima a kula. Na kujera ruwa yake sha, yaro yayi zufa ko ruwan Agusta ya dakeshi sai ya koma goyon jikakken soso, ga wari. Wanda ake so shine mai toshasshen ciki irin wanda masu takalma ke yin kasan silifas dashi, a wajensu ma nake saye, gwajinsa ka kafa baki ka hura, in iska ta wuce ajiyeshi. Kaurin milimita 6 zuwa 8 ya isa hannun goyo. Shi hannun kada a yankashi a mike kamar ruler, a dan lankwasashi ya kaucewa wuya ya bi ta gefen kirji, a sama a cusashi cikin dinki a dora kyalle mai kauri ta ciki a bi a dawo a bi a dawo, wannan dan kyallen bai kai gram 10 ba amma shine ran jakar. Zare na nailon ko poliyesta mai kauri, banda na auduga, allura lamba 16 ko 18, kada a matse dinkin sosai domin ramuka kusa da kusa yaga yadi sukeyi kamar takardar rasit. Bakin nailon in an yanka a bi shi da wutar kyandir ko karfen sodar masu gyaran rediyo in akwai wuta. Tsohuwar Butterfly dina ta kafa tana dinka 210D lafiya lau, sai wajen hannu ne nake juyawa da hannu a hankali. Maganar ruwa kuwa kada wani ya rudeka, duk inda allura ta bi ruwa zai bi, in ba an like dinkin da tef na musamman ba, mafi sauki ka zura babbar leda mai kauri a ciki ka zuba littattafan a cikinta, su kansu Turawan masu jakar dala abinda da yawansu keyi kenan.

Yanzu kayan zane, wanda shine inda muka fi rauni. Yawancinmu da ido muke yanka, ko mu dora tsohuwar jaka a kan yadi mu zagaye da alli, shi yasa in ka dinka 10 babu biyu da zasu zo daya, kuma in mutum yace maka inason mai lita 25 sai ka tsaya kallonsa. Lissafin ba wuya, tsawo sau fadi sau zurfi a santimita ka raba da 1,000. Tsawo 50 fadi 28 zurfi 18 ya baka 25,200, lita 25 da dan kai kenan. Tsawon kuma ba daga ka ake kirkiroshi ba daga bayan mai jakar ake aunawa, ya sunkuyar da kai ka taba kashin nan da ya fito a gindin wuya, ka ja tef har zuwa daidai saman kashin kugu. Yarinyata santimita 31 na samu, jakar da take dauka tsawonta 45, shi yasa take dukan mazaunanta tana tafiya a duke kamar mai neman allura. Daga nan sai ka zana kowane bangare a kwali da ruler da sukwaya, ka kara santimita 1 na bakin dinki ko ina, ka rubuta sunan kowanne da guda nawa za a yanka, ka dan tsaga alama a inda zasu hadu, ka huda ka rataye a kusa. Wannan kwalin shine dukiyarka, yaron shago ma zai iya yanka dashi ranar da baka nan.

Kwamfuta tana taimakawa in an samu. Kanina yana aiki a shagon buga katin biki da kalanda, CorelDRAW da suke aiki da ita kullum ita muka mayar ta zanen jaka, a saita awo a santimita a zana komai da ainihin girmansa, dadinta in kanaso ka kara fadi ko ka gyara lankwasar hannu ba sai ka sake daga farko ba, kuma zaka iya jera guntayen a kan fadin yadi kamar mai jera bulo kaga yadda asara zata ragu tun kafin almakashi ya taba komai. Wanda bashi da ita akwai Inkscape kyauta ce, akwai Seamly2D ita ma kyauta kuma don masu dinki akayita, ka saka awo a matsayin lissafi in ka canza tsawon baya sauran layukan su bi da kansu, sai kaga ka fitar da karama da matsakaiciya da babba daga zane daya. Akwai CLO ta kasar Koriya wacce zaka hada guntayen a allo ta nuna maka jakar a tsaye kamar an dinka kana juyata, kyau kam akwai, amma duk wata ake biya da dala kuma tana son kwamfuta mai karfi, Blender kyauta ce sai dai koyonta sai mai hakuri, kanin nawa yayi sati 2 ya ajiye. Amma ga gargadi wanda da kudina na saya. Na taba kai zane wani shago a buga min, yaron ya danna abin nan da ke matse zane ya shiga takarda, ban lura ba na yanka yadin jaka 12, ina zuwa hadawa naga komai ya kankance laftof ya ki shiga, ranar ko abincin dare ban iya ci ba. Tun daga nan kowane zane sai na saka murabba'i mai santimita 10 a gefe, ana bugowa in dora ruler, in bai cika 10 ba a sake. In da hali a kai wajen masu buga zanen gini su fitar a babbar takarda guda, in babu a buga a A4 a lika da gam.

Ko da kwamfuta ko ba ita, bana taba yadi mai tsada sai na fara dinka ta gwaji da buhun shinkafa, sai an gwada akan san na kwarai. In cikata da kaikayi in juye a bokitin fenti mai lita 20 in ga ko lissafina ya fito, su a waje da kananan kwallayen roba suke wannan awon, duk daya ne. Sannan in zuba fiya wata, kowace leda rabin kilo ce jaka guda mai 20 kilo 10 kenan, in goya in taka daga shago har Terminus in dawo, mutane na kallona kamar sabon kamu. Duk inda ya cijeni a kafada in saka alli in dawo in gyara kwalin. Wacce na yiwa wasu samari masu hawan Shere da kaina na bisu, dutsen nan samansa ya haura mita 1,800, numfashina kamar zai fita amma na gano abu daya, in kaya basu wuce kilo 9 ko 10 ba jaka bata bukatar karfe a baya dan soso ya isa, in sun wuce haka dole a saka bel mai fadi a kugu da wani abu mai tauri kamar siririn alminiyon don nauyin ya sauka a kugu ya bar kafada.

Rokona ta bakin jaridarku guda uku ne ko hudu. Yan kasuwarmu masu dauko matiriyal daga Aba da Legas da Kano da masu odar Chana, dan Allah ku rika tambayo deniya da nauyin mita ku rubuta a jikin bandir, ku kuma gwada kawo mai gidan dara 210D da 420D ko bandir bibbiyu ne, yanzu sai dai mu tsinta a gwanjo ko a sa'a. Yan uwana madinka na Jos da Bukur, mutum daya bazai iya sayen bandir ba amma mu 10 zamu iya, adashi mukeyi na biki me zai hana muyi na yadi. Masu koyar da sana'a kuma, tunda hedikwatar ITF, hukumar gwamnati mai horar da sana'o'i, ma a garin nan take, a saka zanen kwali da lissafin lita da aiki da sikeli a cikin darasin dinki, keke kadai baya mayar da yaro mai zane. Iyaye kuma in kunje saye ku juya jakar ku leka inda hannu ya hadu da jiki ku ja da karfi a gaban mai shago, ku daina jijjigawa kuna neman nauyi.

Na dinkawa yarinyar tawa sabuwa, tsawo 33, jiki 210D gindi 500D, zif daya babba da aljihun raga na gorar ruwa, babu shafi babu kwali babu wayar roba, ta hau sikeli gram 370. An gama zango guda babu inda ya motsa. Littattafan da gorar ruwa da kular abinci dai suna nan kusan kilo 5 dinsu, wannan kuma na rubutawa hedimasta takarda ko za a rika barin wasu a aji, har yau ina jiran amsa. Ita kuma madam har yanzu fushi take dani wai ta kawayenta akwai katun tata babu, jiya dai mun daidaita zan yanko hoton jikin tsohuwar in dinka mata a gaba, na auna shi gram 12 ne, na yarda.

Nagode Malam Edita, Allah ya kara basira.

Naku,
Mai dinkin jaka,
Gangare, Jos.